Mai galahanga ya girma, to ina zai yi aiki?

Duk shekara in 2 ga watan Afrilu ta zagayo, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kai kan galahanga, abun da zaka gani a Facebook da gidajen rediyo kusan iri ɗaya ne, hotunan yara ƙanana, uwa tana bada labarin yadda ɗanta ya kai shekara huɗu bai fara magana ba, likita yana lissafo alamomi. Duk wannan yana da amfani wallahi, amma ni abun da yake ci min tuwo a ƙwarya shine yaran nan fa girma suke yi. Galahanga ba ƙyanda bace da za'a yi a warke, da ita mutum yake tashi, da ita yake tsufa. Ƙanina yanzu shekararsa 27, gemu ya fito, yana so ya sa hannu a aljihu ya ciro nasa kamar kowane namiji, kuma sai da muka yi kusan shekara biyar muna faɗi tashi kafin mu samu inda ya zauna. Abun da na fahimta a tsakanin nan nake so in warware, ko Allah zai sa wani gidan ya huta da rabin wahalar da muka sha.

Ita kanta kalmar galahanga bana jin daɗinta, don a bakin mutane da yawa kamar kace gaula ne ko dolo, amma ita ce ta bazu a kafafen labarai a matsayin sunan abun da likitoci ke kira otizim, shi yasa nake amfani da ita. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take tasowa tun daga ƙuruciya, ba shafar aljanu bane ba kuma rashin tarbiyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita, kaga kenan babu unguwar da babu su. Kuma hawa hawa ce, akwai wanda har ya girma baya magana kuma sai an kula da shi kullum, akwai wanda yayi digiri yayi hidimar ƙasa, kawai dai ana ce masa miskili ko mai baƙin hali tun yana firamare, babu wanda ya taɓa kawo masa wannan sunan.

A Birtaniya gwamnati ta sa an yi wani nazari da ya fito a 2024, aka ga cikin mutum 10 masu galahanga da suka isa aiki kusan 3 ne kawai ke da aikin yi, alhali a sauran masu naƙasa gaba ɗaya kusan 5 ne, a marasa naƙasa kuma kusan 8. Wannan fa ƙasa ce mai dokoki da ofisoshin tallafi da komai. Kai ka auna namu, inda lafiyayyen mai baki kamar reza ma yake yawo da takardu a leda shekara da shekaru.

Matsalar farko a bakin ƙofa take. A wajenmu aiki ta hanya biyu ake samunsa, ko intabiyu ko wa ka sani, kuma dukansu biyun abu ɗaya suke aunawa, iya mutane. Ka shiga ɗaki mutum uku sun zuba maka ido, ace ka bamu labarin kanka, tambayar da bata da kai bata da gindi, mai galahanga zai tsaya yana tunanin ta ina ake so ya fara, daga haihuwa ko daga makaranta, shirun ya yi tsawo, a rubuta cewa bai san komai ba. Ko kuma a tambaye shi meye rauninsa ya zauna ya lissafo su tsakani da Allah ɗaya bayan ɗaya. Hanyar wa ka sani kuwa ta fi wuya, don ita sai da zaman majalisa, da zuwa ɗaurin aure, da kai gaisuwa gidan manya, da sanin lokacin da zaka yi dariya in babba yayi barkwanci ko da bai baka dariya ba. Ƙanina zai iya gaya maka lambar kowace mota da ta taɓa fakawa a layinmu, amma in ka kai shi gaida wani Alhaji zai ce ina kwana ya tsaya nan, baya bin sauran jerin ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Sai a ce yaron nan girman kai ne da shi.

Abu ɗaya da al'adarmu ta sauƙaƙa musu shine kallon ido. A Turai in baka kalli mai ɗaukar aiki ido cikin ido ba sai ace baka da gaskiya, mu kuwa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Amma abun da ta bayar ta nan ta karɓe ta wajen magana, domin Hausa cike take da gatse da habaici da hannunka mai sanda. Mu ne muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to karanta fuskar nan shine ainihin abun da yake yiwa mai galahanga wuya. Oga yace ba komai alhali ransa a ɓace yake, shi zai ɗauka ba komai ɗin. Oga yace ina zuwa ya tafi sai bayan la'asar, shi yana tsaye inda aka barshi.

Aikin farko da muka samar wa ƙanina a wani shagon kayan waya ne cikin kasuwa, caja da iyafis da bayan waya. Sati uku yayi. Rannan mai shagon ya shigo ya ganshi a zaune kwastoma na tsaye, cikin fushi yace masa to ai sai ka cigaba da zama kar ka tashi, shi kuma ya cigaba da zamansa don abun da aka ce kenan. Wata rana kuma wani ya ɗauki caja ya tambaye shi wannan orijina ce, yace a'a, bata wuce wata biyu take lalacewa. Da na je bada haƙuri mai shagon yace min Malam ƙaninka ba ɗan kasuwa bane, kuma ban ga laifinsa ba a wannan, mu ne muka kai shi inda ciniki da zaƙin baki sune aikin gaba ɗaya. A hanyar gida yake tambayata, Yaya to ƙarya ake so in yi? Har yau ina jin tambayar nan a raina.

Sai kuma abun da ba'a gani da ido. Yawancin masu galahanga ji da gani da taɓi suna shigarsu da ƙarfi fiye da yadda suke shigar sauran mutane. Ƙarar janareta da kai ka daina ji bayan minti biyar, shi tana cikin kansa tun safe har dare, ga sifika mai kiɗa a shagon maƙwabci, ga ƙwan lantarki mai ƙyaftawa, ga warin fetur, ga masu wucewa suna gogarsa. Wuri na biyu da ya gwada shagon buga takardu ne da kwamfuta, aikin kansa ya iya shi fiye da kowa a wurin, baya kuskuren harafi, amma janareta a bayan kujerarsa take kuma mutum biyar ne ke bashi umarni lokaci ɗaya, wannan yace buga min, wancan yace bari nasa yi nawa. Yana daurewa a can, yayi ta kwaikwayon yadda sauran suke yi don kar a gane, sai ya dawo gida ya rufe ɗaki baya cin abinci baya magana da kowa, wani lokaci yayi ta kaɗa jiki yana toshe kunne. Umma ta ɗauka sammu aka yi masa a wurin aikin. Gajiya ce, irin wadda take taruwa in mutum ya wuni yana ɓoye yadda yake, kuma in aka bari ta kai maƙura sai ya yi watanni bai iya komawa ko'ina ba. Da yawa daga waɗanda ake cewa basa zama a aiki, ko malalata ne, wannan ne yake korarsu.

Wasu ƙasashen sun gane cewa gyaran a bakin ƙofa da cikin wurin aiki yake. A Denmak wani mutum mai suna Thorkil Sonne, da yake aiki a kamfanin sadarwa, bayan an gano ɗansa yana da galahanga ya ajiye aikinsa ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004, suna ɗaukar masu galahanga aikin gwajin manhajojin kwamfuta, aikin da yake buƙatar mai lura da ƙaramin kuskure wanda baya gajiya da maimaici. Maimakon intabiyu na rabin awa sai su ajiye mutum na makonni suna bashi abu yana haɗawa da hannunsa suna kallon yadda yake tunani. Kamfanin SAP na Jamus ya fara irin wannan shirin a 2013, Microsoft a 2015, su ma kwanaki suke ɗauka suna ganin aikin mutum kafin su yanke hukunci.

Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado a Amurka, ita ma mai galahanga ce, kuma ita ta zana hanyoyin kora shanu da ake amfani da su a mayanka da yawa a can, saboda tana lura da abun da yake firgita saniya wanda sauran mutane basa gani, inuwa a ƙasa, sarƙa tana lilo, riga an rataye a shinge. Ta sha faɗa cewa ba da baki take samun kwangila ba, zanen aikinta take shimfiɗawa a tebur a gani. Wannan dabarar ko a Kano ko a Zinder zata yi aiki, mutum ya tafi da hular da ya ɗinka, ko wayar da ya gyara, ko hotunan aikinsa a waya, a bar aikin yayi magana.

Amma ina so a yi hattara da labaran kamfanonin nan, don suna sa mutane su ɗauka duk mai galahanga gwanin kwamfuta ne ko lissafi. Ba haka bane. Wani ɗinki ne nasa, wani kiwo, wani jera kaya, wani ma awa uku kawai zai iya yi a rana kuma sai da mai tsaya masa, shi ma wannan aiki ne kuma ya cancanci a biya shi.

Labarin da ya fi kama da rayuwarmu shine na Donald Triplett. Shine yaro na farko cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943, lokacin da aka fara bayanin galahanga a matsayin abu mai zaman kansa. Ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Forest a jihar Misisipi, kuma a bankin garin, wanda danginsa ke da hannu a ciki, yayi aiki fiye da shekara 60, yana tuƙa motarsa yana tafiye tafiyensa, har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gidansu masu hali ne, wannan gaskiya ne kuma ya taimaka ƙwarai, amma babban abun shine garin ya san shi, an san halinsa an bar masa abunsa, an bashi aikin da zai iya. To mu ma ai muna da wannan tsarin tun kaka da kakanni, koyon sana'a a hannun ubangida, yaro ya zauna yana kallo yana yi, babu fom babu intabiyu, aikinka ne yake nuna ka. Ɗinkin hula, aikin babbar riga, rini, dukanci, gyaran waya, walda, duk ta haka ake shiga. Inda muke kuskure shine mu kai yaro mu ce Alhaji ga amana mu juya, bamu faɗi komai ba, sai abu ya lalace a zo ana sallallami.

A karo na uku mun canza salo. Wani abokin mahaifinmu yana da shagon kayan gyaran mota da sito a baya, kuma kullum kukansa yara basa sanin inda kaya suke, lissafi baya daidaita. Na je na same shi ni kaɗai tukunna. Ban fara da sunan lalurar ba, don in kace galahanga mutum zai hango wani abu daban, in kace asibitin ƙwaƙwalwa kuma shikenan ka gama masa. Nace Baba, yaron nan baya mantuwa, baya ƙarya, baya taɓa kayan wani, amma gatse baya shigarsa, hayaniya tana sa masa ciwo, kuma in za'a canza masa abu sai an faɗa masa tun da wuri. Nace a gwada shi sati biyu a sito ba a gaban shago ba. Muka yi yarjejeniya cewa mutum ɗaya ne zai riƙa bashi umarni, babban yaron shagon, kuma a tura masa a WhatsApp a rubuce ɗaya bayan ɗaya, kar ace masa ka ɗan gyara wurin nan, ace ka jera filtar mai a kanta ta biyu ka ƙirga ka rubuta. Lokacin sallah da cin abinci sananne. In kansa ya ɗau zafi yana da izinin ya zauna a lungun sito minti goma da abun toshe kunnensa babu mai tambayarsa. Sannan Alhajin da kansa ya tara yaran shago yace duk wanda ya tsokane shi da shi yake, kuma wallahi wannan kalma ɗaya ta fi duk sauran aiki, don tsokanar abokan aiki, a ɓoye masa takalmi, a kwaikwayi maganarsa, a aike shi aiken ƙarya ana dariya, ita take fara karya su tun kafin aikin ya karya su.

Duba duk abun da na lissafa, babu wanda ya ci naira ɗaya in banda abun toshe kunne.

Maganar kuɗi kuma dole a yi ta a fili tun ranar farko. Mai galahanga yana da sauƙin cuta saboda yana yarda da abun da aka faɗa masa kuma cewa a'a tana yi masa nauyi. Akwai masu ɗaukarsu da sunan taimako su wuni suna aiki a sallame su da kuɗin mota, in an yi magana ace ai alfarma ake yi musu. Akwai kuma wurin da in kuɗi suka ɓata shi za'a fara nunawa don an san bazai iya kare kansa da baki ba. Shi yasa muka ce albashi a yanka shi sananne, ya shiga asusunsa na banki ƙarshen wata, kuma kar a bar shi da aljihun tebur na kuɗi shi kaɗai. Su ma 'yan uwa a ji tsoron Allah, kuɗinsa nasa ne, a koya masa riƙewa, kar a mayar da shi saniyar tatsa a gida.

Ta ɓangaren hukuma, Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu su kasance masu naƙasa, an kuma kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Doka ce mai kyau a takarda. A aikace in ance naƙasa abun da jami'i yake tsammani shine keken guragu ko sandar makaho, mutum ya shigo da ƙafarsa garau yace yana da lalura sai a kalle shi sama da ƙasa. Nan ne takardar likita take da amfani, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware da Maiduguri, sune mutanen da ake gani kan irin wannan. Na san tsoron da ake yi, kar ace ɗan gidan wane an kai shi asibitin mahaukata a ɓata masa maganar aure. Mu ma mun yi shekaru muna wannan tsoron. Amma ranar da likita ya faɗa masa sunan abun, ƙanina cewa yayi ashe ba ni kaɗai bane. Wa za'a faɗawa kuma hukuncinsa ne shi mai abun, tunda baligi ne, ni ma sai da na nemi izininsa kafin in je wajen Alhaji, muka zauna muka tsara abun da za'a faɗa da wanda za'a bari.

Mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Yarinya mai shiru da bata son fita, yabonta ake yi ana cewa mai kunya ce, babu mai lura, sai an aurar da ita ta faɗa gida mai dangin miji da biki da suna da kishiya sannan komai ya rikice a ce bata da kirki ko aljanu ne. Ga irinsu sana'ar cikin gida rahama ce in an tsara ta, ɗinki, saƙa, haɗa turaren wuta, yin cincin, ita tayi aikin hannu, wata 'yar uwa ta riƙe ɓangaren kwastoma da ciniki, a raba riba da adalci. Haka ma aikin intanet daga gida, shigar da bayanai ko zane ko fassara, yana yiwa wasu daidai don babu hayaniya, sai dai ga matsalar wuta da data, ga 'yan damfara masu cewa ka biya kuɗin rajista kafin a baka aiki, ga kuma haɗarin mutum ya shige ɗaki ya daina ganin kowa gaba ɗaya, wanda shi ma ba alheri bane.

Ƙanina yanzu yana shekara ta biyu a siton nan. Ba kullum ake kwana lafiya ba, watan jiya an canza jerin kantoci ranar da baya nan ba'a gaya masa ba, ya dawo ya tarar, kwana biyu bai je aiki ba sai da babban yaron shagon ya zo gida da kansa ya zauna da shi suka zana sabon jerin a takarda. Amma yanzu in makaniki ya zo da tsohon ƙarfe a hannu bai san sunansa ba, ta taga ake miƙa masa, ya juya shi sau ɗaya ya faɗi lambar da kantar da yake. Da sallar da ta wuce shi ya saya wa Umma atamfa da kuɗinsa, ya kawo ta a ledar shagon da rasit ɗin a ciki, ya ajiye a gabanta ya faɗa mata nawa ya saya.